Ƙarar "gwaf" a ƙarƙashin a-kori-kura bayan an tsaya: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu Hilux, Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, Navara da L200 suka fi kawowa gareji a Maraɗi game da ƙara guda: mota ta tsaya cak, sai a ji "gwaf" daga ƙasa, ko kuma a ji shi lokacin da aka ɗaga ƙafa daga birki za a tashi. Yawancin masu motar kan iso sun riga sun yanke hukunci, wai pon (ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya yana juya su) ya tafi ko bwat (akwatin giya) ta mutu. Galibi ba haka ba ne. Lokacin da ƙarar ke fitowa shi ke nuna inda take, kuma abin da ya fi arha shi ake fara dubawa.

Na taka birki na tsaya, bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu sai in ji kamar wata mota ta taɓa ni ta baya. In duba madubi, ba kowa. Mene ne wannan?

Wanda ake fara zargi a nan shi ne kulis na kardan. Kardan shi ne dogon ƙarfen nan mai kai juyi daga bwat zuwa pon na baya, wanda ƴan Najeriya ke ce wa furofela. Tsawonsa ba ɗaya ba ne kullum. Pon yana rataye ne a kan lam, wato jerin dogayen ƙarafa masu lanƙwasa da ke ɗauke da nauyin bayan mota, yana hawa yana sauka, don haka dole kardan ya riƙa miƙewa yana komawa. Wurin da ke ba shi wannan damar shi ne kulis: ƙarfe mai dogayen haƙora da ke zamewa cikin wani ƙarfen mai ramukan haƙoran.

Idan ka taka birki, tayoyin baya suna murɗa pon gaba ɗayansa, hancinsa ya sunkuya ƙasa, lam su ɗan lanƙwashe, bayan mota ya ɗaga. Wannan yana canza nisan da ke tsakanin bwat da pon da ƴan milimita, wani lokaci har santimita guda. Kulis mai giris yana zamewa a hankali, ba ka jin komai. Wanda ya bushe kuwa cijewa yake yi. Mota ta tsaya, lam suna son komawa yadda suke, kulis ya riƙe, ya riƙe, sannan ya saki lokaci guda. Sakin nan shi ne bugun da kake ji a kujera. Wani lokaci ba ya saki sai ka ɗaga ƙafa daga birki, shi ya sa wasu ke cewa tasu a wajen tashi take yi. Cuta ɗaya ce.

Ya fi fitowa fili a mota otomatik, domin ko a tsaye take, in giya na kan D, injin na ci gaba da matsa haƙoran kulis a jikin juna.

Yaya zan tabbatar kulis ɗin ne kafin in kashe ko dala?

Da farko kwashe duk abin da ke bayan mota. Jarka, kirik, guntun ƙarfe, murfin baya da bai kulle sosai ba, duk suna bugawa in an tsaya. Leƙa ƙasa ka girgiza tayar sakur da hannu biyu, domin sarkar da ke riƙe ta kan yi sako-sako, kuma ƙararta na ruɗar ko tsohon makanike. Girgiza salansa ma. Tankin da mai ya kai rabi shi ma yana yin "dum" mai laushi in man ya daki bango, amma wannan ba a jin sa a ƙashin baya.

Sannan nemi fili mai kwalta inda ba cunkoso, ka yi gwaji uku. Ka tsaya a hankali ƙwarai, ka saurara. Ka sake tsayawa da ɗan ƙarfi daga gudun kilomita 30 ko 40. In ƙarar tana ƙaruwa da ƙarfin birki, kuma tana zuwa bayan motar ta gama tsayawa, alamar kulis ce. Na uku, in otomatik ce, mayar da giya N kafin ka gama tsayawa. In bugun ya ragu sosai ko ya ɓace, ka ƙara kusantar kulis, ko da yake bwat ɗin kanta ba ta fita daga zargi ba tukuna.

Gwajin da ya fi kowanne shi ne maganin kansa. A sa giris, a sake hawa. In ƙarar ta tafi, an gama bincike.

To yaya ake sa girisin? Ai duk bidanj, wato canjin man injin, ina cewa a sa.

Cewa a sa daban, a sa a inda ya dace daban. Yaron gareji kan buga giris a giresar (ɗan bakin ƙarfe da ake tura giris ta cikinsa) biyu da ya gani a gaba ya fito. Kardan na Hilux mai ƙafa huɗu (4x4) yana da giresar a kan kowane kuros, wato gaɓar ƙarfe mai ƙafafu a gicciye da ke ba kardan damar lanƙwasawa, da wata daban a jikin kulis, a kardan na baya da na gaba. Wasu suna ɓoye, sai an ɗan tura mota kardan ya juya sannan su bayyana. Tsaya a bakin rami ka ga an bi su ɗaya bayan ɗaya.

A goge kan giresar da tsumma tukuna, in ba haka ba famfo zai tura yashin da ke kai zuwa ciki. A kuros, ana bugawa har sai sabon giris ya ɓullo ta robobi huɗun. In uku suka fitar ɗaya ya ƙi, wannan ƙafar a toshe take, kuma ita ce za ta fara ci.

Kulis kuwa ba haka ake masa ba, kuma nan ne ake yawan ɓarna. Bayan haƙoransa akwai ɗan fili da ke ba shi damar shigewa. In aka cika filin nan taf da giris, kulis ba ya iya komawa ciki, sai kardan ya zama sanda, duk ramin hanya ya riƙa dukan rulma (boris) na bayan bwat da na hancin pon. Bugu uku zuwa biyar na famfon hannu sun isa. Da ka ga kardan ya fara miƙewa, tsaya. Kuma a yi shi mota na tsaye a kan tayoyinta, a bisa rami. In an ɗaga ta pon na reto, filin yana buɗewa gaba ɗaya, a cika shi ba a sani ba, a sauke mota ya matse. In an riga an cika, kwance giresar ɗin, mutum biyu su hau bayan mota su yi ta danna ta, rarar za ta fito ta ramin, sannan a mayar.

Giris mai lityom, lamba NLGI 2, shi ne na kuros da kulis. Makanikai da yawa sun fi son baƙin nan mai sinadarin moli a kan haƙoran kulis domin yana jure matsi, kuma muna tare da su. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne girisin buɗaɗɗen bokiti da ya kwana yana shan ƙurar hunturu.

An sa, ƙarar ta ɓace, bayan sati uku ta dawo.

Wannan ya tabbatar kulis ne, sai dai sabon girisin bai kai ga haƙoran ba. Tsohon ya daskare ya haɗu da ƙasa ya tare hanya. Dole a sauke kardan a wanke.

Aikin ba shi da wuya, amma yana da ƙa'ida. A sa waigi gaba da bayan taya. Kafin a taɓa kile, a yi alama da fenti a wuri uku: inda kardan ya haɗu da pon, inda ya haɗu da bwat, da kuma ɓangarori biyu na kulis ɗin, layi ɗaya a miƙe. A Toyota, kowane gefe kusoshi huɗu ne na kile 14. A zare kulis, a wanke haƙoran da kananzir ko gazuwal da buroshi har ƙarfe ya fito fes, a shanya. A duba da ido da farce: in haƙoran sun yi gargada, ko sun yi mataki a inda suka saba tsayawa, ko rufin roba da ke kan wasunsu ya ɓare, giris zai rufe bakin ƙarar ne kawai na ɗan lokaci. In lafiya suke, a shafa giris da yatsa a kowane rami, siriri, a duba robar da ke hana ƙura shiga, a mayar bisa alamar fenti.

Alamar nan ba ado ba ce. Kunnuwan kuros na gaba da na baya dole su kalli gefe ɗaya. In aka kauce da haƙori ɗaya ko biyu, an kori "gwaf" an jawo kakkarwa da za ta riƙa kaɗa mota a kan hanyar Tasawa, ta cinye sababbin kuros. Kusoshin a ɗaure su sosai. A yawancin irin motocin nan ƙarfin ɗaurin yana tsakanin 70 da 90 N·m, littafin motarka zai ba ka ainihin lambar.

A wasu motocin, musamman marasa ƙafa huɗu, kulis ɗin cikin wutsiyar bwat yake shiga kai tsaye, ba shi da giresar. In ka zare shi man bwat na iya zuba, sai a tara kwano, a cika man bayan an gama.

Ta yaya zan bambance ƙarar kulis da ta kuros?

Kuros da ya ci yana bugawa ne duk lokacin da juyi ya sauya gefe: daga giya ɗaya zuwa ribas, ko ka saki totur ka sake takawa kana cikin tafiya. Ƙararsa ta ƙarfe ce, "ƙwal", wani lokaci har da ɗan amo a cikin bututun kardan. Kafin ya kai nan yakan yi "ciki-ciki-ciki" a ƙaramin gudu, ƙarar da ke bin juyin kardan, daga baya kakkarwa ta biyo in an ɗau gudu.

Don dubawa, mota a wuri mai daidai, waigi a tayoyi, giya a firi, injin a kashe. Kama kardan da hannu ɗaya, kunnen da ke ɗaya gefen kuros da ɗaya hannun, ka murɗa su saɓanin juna, sannan ka tura sama da ƙasa. A nan ba a yarda da wasa ko kaɗan ba. Duba kuma bakin kofunan huɗu. Jan gari mai kama da tsatsa a gefen roba yana nufin alluran ciki sun bushe suna niƙa kansu, ko da hannunka bai ji motsi ba. Akwai kuros da ke ƙagewa maimakon ya yi sako-sako, shi ba a gane shi sai an sauke kardan an lanƙwasa shi da hannu an ji yana cijewa.

Mota mai ƙofa huɗu galibi kardan ɗinta biyu ne a haɗe, da paliye a tsakiya, wato rulma mai roba da ke riƙe kardan a jikin mota. Tura kardan sama a wurin. In robar paliyen ta yage, zai daki ƙarfen da ke kewaye da shi, kuma wannan ma yana bugawa a wajen tashi.

Makanike ya juya kardan da hannu ya ce pon na da wasa, sai an buɗe. In yarda?

Kar ka yi sauri. Babu pon da ba shi da wasa. Abin da hannu ke ji a kardan tarin ƙananan wasanni ne: na haƙoran babban faranti da piniyo (ƙaramar giyar da kardan ke juyawa a cikin pon), na ƙananan giyoyin tsakiya, da na haƙoran sandunan da ke zuwa tayoyi. A pon na Hilux, tazarar babban faranti da piniyo kaɗai tana tsakanin milimita 0.13 da 0.18, kuma agogon awo ake sa mata, ba a ƙiyasta ta da tafin hannu.

Ga abin da ke sa a buɗe pon da hujja. Hancin piniyo yana motsi sama da ƙasa ko ciki da waje. Pon yana kuka a kan hanya, kukan na canzawa in an taka totur ko an saki. Mai yana zuba ta hancin. Ko an sauke mai an tarar da ɓarɓashin ƙarfe a jikin maganaɗisun murfin ƙasa. Baƙin laka mai laushi a kan maganaɗisun ba komai ba ne, gutsattsarin da farce ke ji su ne magana. In man ya fito fari-fari, ruwa ya shiga.

Kafin a sauke mai, a fara kwance murfin sama na zubawa. In aka zubar sannan aka tarar na sama ya ƙi buɗuwa, mota ta kwana. Man pon GL-5 ne, 80W-90 ko 85W-90, a cika har ya kai leɓen ramin. Pon mai LSD, wato na'urar da ke rage sulɓewar taya ɗaya ita kaɗai a santsi, yana da nasa man daban. A kuma share ɗan bututun numfashi da ke saman pon, in laka ta toshe shi zafi na tura mai waje ta roba.

Motata ta dako ce, tana ɗaukar gero da aya daga ƙauyukan Mayahi da Dakoro. Kaya na da hannu a ciki?

Ƙwarai. Hilux an yi ta ne don kaya wajen tan ɗaya, buhu goma kenan masu kilo 100, kuma har da nauyin direba da fasinja a lissafin. Kowa ya san abin da ake lafta mata ranar kasuwa. Lam da suka gaji suna miƙewa su kwanta, ba sa iya riƙe pon da ƙarfi, sai murɗawar da muka faɗa a sama ta ƙaru, kulis ya riƙa yin tafiya fiye da ƙima.

Shiga ƙasa ka duba etiriye, wato ƙarafan nan masu lanƙwasa da ke ɗaure pon a jikin lam, biyu a kowane gefe. In ka ga wuri yana ƙyalli a gefensu, ko jan gari na zubowa daga tsakanin lam, pon yana zamewa. Daga nan sai ƙusar tsakiyar lam ta karye. Auna da igiya daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, hagu da dama, sitiyari a miƙe. In sun bambanta sosai, ko wanda ke bin ka a baya ya ce motar tana tafiya a karkace, pon ya goce. A Hilux ana ɗaure etiriye wajen 120 N·m, a bi su a gicciye kaɗan-kaɗan, a sake bi bayan ƴan ɗaruruwan kilomita domin sababbi suna saki. Wanda zarensa ya ci ko ya miƙe, a jefar.

Sai silambulok, wato robar da ke kewaye da ƙusa a kunnen lam, gaba da baya. Sa ƙarfen banƙara ka motsa. In robar ta cinye, ƙusa na dukan ƙarfe kai tsaye, a birki ta je gaba, a tashi ta dawo, bugu biyu kenan. In an sa sababbi, kar a gama ɗaure su sai an sauke mota nauyinta ya hau, in ba haka ba robar tana murɗe tun ranar farko. Robobin amortisar ma a taɓa su.

Ƙara lam ɗaya ko biyu da ake yi yana ɗaga bayan mota, amma ba ya ƙara wa pon, rulma ko birki ƙarfi, kuma in tsayin ya yi yawa yana canza kusurwar kardan.

Kujerun injin da na bwat, wato robobin da suke zaune a kai, fa?

Suna cikin lissafi, musamman in bugun daga ƙarƙashin ƙafarka yake, ko sandar giya tana zabura in ka tashi. Buɗe bonet, ja birkin hannu, taka birki sosai, sa giya ɗaya ka ɗan saki ambiriyaj kaɗan, sannan ka yi haka a ribas. Mai kallo ya tsaya a gefe, ba a gaba ba. Injin zai ɗan karkata, wannan daidai ne. In ya yi tsalle ya dawo da ƙara, kujera ta rabu. Ta ƙarƙashin bwat kuwa mai da ke ɗiga a kanta shi ke narkar da ita, don haka a gyara yoyon tare da canza ta.

Tawa otomatik ce, kuma bugun yana zuwa kafin in gama tsayawa.

To wannan ya fi kama da bwat tana saukowa daga giya biyu zuwa ɗaya da ƙarfi. Duba yawan manta da launinsa bisa yadda littafin motar ya ce, a tabbatar irin man da aka zuba shi ne nata, a duba ko injin na gudu da yawa a tsaye. A sa na'ura a karanta kwamfutar motar kafin kowa ya yi maganar sauke bwat.

Ko birkin ne da kansa?

Yana yiwuwa. Plaket (takalman birki) da ƴan ƙarafan riƙonsu suka ɓace suna yin "ƙyas" sau ɗaya in ka yi baya ka taka, sau ɗaya kuma in ka yi gaba ka taka. Ƙaramar ƙara ce daga wajen taya. In kuwa bugu ne mai nauyi daga gaba daidai lokacin da ƙafarka ta sauka a birki, a cire taya yau: ƙusar da ke riƙe kan birki, rotil (gaɓar nan mai ƙwallo da ke riƙe tayar gaba), ko silambulok na hannun ƙasa.

Na fito daga yashi na hau kwalta, sai na ji wani babban bugu.

Ka manta ta a H4, wato a ƙafa huɗu. Yawancin motocin nan ba su da abin da ke raba juyi tsakanin gaba da baya. A yashi tayoyi na zamewa su sauke matsin, a kwalta kuwa matsin taruwa yake har taya ɗaya ta ƙwace da ƙarfi. Cire ƙafa huɗu da zarar ka hau ƙasa mai tauri. In sandar ta ƙi fita, yi baya a miƙe ƴan mitoci.

Ƙafa huɗun tana da amfani wajen bincike. In kardan na baya da kusoshi yake ɗaure a jikin bwat, ana iya sauke shi gaba ɗaya, a sa H4, a zagaya a hankali da tayoyin gaba kaɗai. In ƙarar ta tafi, tana cikin kardan ko abin da yake turawa. In tana nan, a koma kan lam, birki da kujeru. Ba a yin wannan a motar da kulis ke shiga wutsiyar bwat, man zai zube.

Zan iya zuwa Ɗan Isa in dawo kafin in gyara?

In kulis ne kawai ya bushe, za ka je ka dawo, ko da yake aikin minti goma ne, ba dalilin ɗaga shi. In kuros ne mai wasa, ko etiriye sako-sako, ko wani abu a birki ko rotil, a'a. Kuros na gaba in ya tsinke ana cikin gudu, kan kardan faɗuwa yake ya caki ƙasa, yana iya fasa bwat ko tanki, ya fizge motar daga hannun direba.

Sau nawa ya kamata a riƙa sa giris a nan?

Duk bidanj, wato kowane kilomita 5,000 ga motar da ke bin hanyar ƙasa. Da damina, in ka ratsa ruwan da ya kai kardan, a gefen Gulbin Maraɗi ne ko a kwaruruwan hanyar Madarumfa, a sa a ranar ko washegari, domin sabon giris ne ke koro ruwan waje. Haka nan bayan wanki da injin feshi mai ƙarfi. Zafin Afrilu da Mayu kuma yana tsinka giris mara kyau ya tsiyaye.

In canji ya zama dole, kuros kaɗai zan saya ko kardan gaba ɗaya?

In kunnuwan kardan lafiya suke, kuros kaɗai ya isa. Je da tsohon, a auna faɗin kofi da tsawon kuros, domin Hilux ma ba girma ɗaya ne da ita ba. Zaɓi mai giresar. A matsa kofunan da bays (ƙarfen matsi na kan tebur) maimakon guduma, a tabbatar ko allura ɗaya ba ta kwanta a gindin kofi ba, kilif huɗun su zauna cikin raminsu, sannan a lanƙwasa a ji yana tafiya sumul ta kowane gefe. In kofi yana juyawa cikin kunne, ko haƙoran kulis sun yi mataki, ko bututun ya lotsa, sai kardan. Na hannu ba laifi, amma a auna tsawonsa da naka, a duba ƙananan ƙarafan daidaito da aka liƙa a jikinsa suna nan, a zare kulis ɗinsa a ga haƙoran kafin a biya. Kardan da aka yanke aka yi wa walda a gefen hanya ba tare da an daidaita shi a inji ba, kar ka karɓa.